Bayan dashen ɗan tayi: sai an kwanta ne zai kama?

Shekara tara da aure ba haihuwa, kafin ni da maigida mu tattara abin da muke da shi, har da kuɗin filinsa na hanyar Jibiya, mu nufi Abuja a yi mana dashen da ake kira IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a asibiti, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Wannan a 2021 ne. Ranar da aka mayar mini da ɗan tayin cikin mahaifa, na dawo masauki kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Kwana goma sha huɗu na yi a kwance. Inna ta biyo mu daga Katsina, ita ke kawo mini abinci har gado, salla ma a kishingiɗe nake yi. Ranar kwana na shida na yi atishawa mai ƙarfi, na kwana ina kuka wai na zubar da shi. Aka yi gwajin jini, babu ciki. Na fi wata uku ina ɗora laifin a kan atishawar nan.

Sai da muka koma karo na biyu, don a dasa wanda aka ajiye mana a ƙanƙara, wata likita ta zaunar da ni. Ta haɗa tafin hannayenta biyu ta ce, “Malama, haka mahaifarki take. Ke kina ganin kamar tulu ce da baki a ƙasa, in kin miƙe abin ciki ya zubo. Bangonta na gaba da na baya a manne suke, ga danshi, ga kauri.” Ɗan tayin kwana biyar bai kai ɗigon biro ba, wajen kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma na milimita. Ta ce in ɗauka an sa ƙwayar riɗi tsakanin malmalar tuwo biyu an danne. Tafiya ba ta fito da ita, tari ba ya fito da ita, yunƙurin bayan gida ma haka. Ta ƙara da wata magana da ta tsaya mini: duk matar da ta samu ciki a ɗakinta, ɗan tayinta ya kama ne tana shara da girki, ba ta ma san yana nan ba.

Kuma ba ra'ayinta ba ne ita kaɗai. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila, ta faɗa a ƙa'idojinta na 2013 cewa kwanciyar da ta wuce minti 20 bayan dashe ba ta ƙara komai. A shekarar ce aka fitar da wani bincike daga Balensiya ta ƙasar Sifaniya, mata 240: rabi suka kwanta minti goma, rabi suka tashi nan take. Cikin waɗanda suka tashi, kusan 57 cikin ɗari suka haihu, cikin waɗanda suka kwanta kuwa kusan 42. Bincike ɗaya ne, ba zan ce miki tashi ke sa ciki ya kama ba. Amma dai ya nuna kwanciyar ba ta taimaka ba. A 2017 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ita ma ta ce a daina sa mata kwanciya.

To me za ki yi?

A ranar dashen za a ce ki sha ruwa ki riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara ce ke sa a ga mahaifa sosai a sikanin. Aikin kansa 'yan mintoci ne, ba a ma sa ki barci. Da an gama, in an ce ki ɗan huta ki huta, sannan ki tashi ki je ki yi fitsarinki. Karon farko na riƙe shi fiye da awa guda, hawaye na zuba, don tsoro. Hanyar fitsari daban, hanyar mahaifa daban. Ki ci abinci, ki yi wanka, ki yi sallarki a tsaye da ruku'u da sujada.

Mu 'yan Katsina yawanci Kano ko Abuja muke zuwa, don haka tambayar farko ita ce hanya. Gargadar titi ba ta kakkaɓe ɗan tayi. Abin da ake gudu shi ne dogon zama wuri ɗaya, saboda magungunan da aka ɗura miki suna sa jini saurin daskarewa a jijiyoyin ƙafa, kuma wannan shi ne babban aibin kwanciyar sati biyun ma. Mu a karo na biyu mun kwana ɗaya, washegari muka kamo hanya. Daga Kano muka tsaya a Bichi, muka sake tsayawa a Kankiya, kowane wuri in sauka in taka na minti biyar, in sha ruwa. In motar haya ce, ki riƙa motsa ƙafafunki kina murza idon sawu.

A gida ki koma rayuwarki, ki rage mata nauyi kawai. Ni na koma aji bayan kwana biyu, ina koyar da 'yan aji huɗu. Da yamma ni da maigida mu taka daga gida zuwa wajen Ƙofar Ƙaura mu dawo. Girki, shara, wanke-wanke, duk na yi. Abin da na bari shi ne daka, da ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, da wankin barguna. Wannan ya fi shafar wadda aka ciro wa ƙwai a kwanakin, domin ma'ajiyar ƙwanta tana kumbure, motsi mai ƙarfi na iya murɗe ta. Maganar kwanciyar aure ma haka take, ki tambayi likitarki kai tsaye, ba abin kunya ba ne.

Inda ya kamata ki zuba duk ƙarfinki shi ne magani. Furojestaron, na matsi ne ko allura, shi ke riƙe shimfiɗar mahaifa. Ki sa ƙararrawa a waya, kada lokaci ya wuce. Na matsin yakan narke ya fito fari-fari a kamfai, wannan ba komai ba ne, jiki ya riga ya ɗauki abin da zai ɗauka. Da zafin Katsina na watan Afrilu yana narkewa tun a kwali, don haka ki nema masa wuri mai sanyi, ni a bayan randa nake ajiyewa in babu wuta. Ki ci gaba da shan folik asid. Kuma ko kin ga ɗigon jini, kada ki daina maganin da kanki, ki kira asibiti tukuna. Mata da yawa sun ga jini kaɗan kuma cikin yana nan.

Furojestaron na sa bayan gida ya yi wuya, kwanciya kuma ta ƙara masa wuya. Zogale, miyar kuka, kankana da ruwa mai yawa sun fi mini komai. Ba sai kin sayi wani abinci na musamman ba.

Yanzu ga wurin da ake samun rigima da dangi. Kowa zai kawo nasa taimakon: wannan jiƙo, wannan saiwa, wannan turaren tsuguno, wata ta ce a gasa miki mara da ruwan zafi. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. Ba ki san abin da ke cikin jiƙon ba, kuma zafi mai yawa ba ya yi wa sabon ciki kyau, wanka da ruwa mai ɗumi ya isa. Addu'a kam a yi ta ba dare ba rana. Haka maganin kemis: in ciwon kai ne, farasitamol, amma ibufurofen da danginsa sai da izinin likita. In zazzaɓi ya zo, ki je a gwada jini a ga ko maleriya ce, ki gaya musu an yi miki dashe kafin su rubuta komai. Ki kwana cikin gidan sauro.

Akwai alamomin da ba a jira da su gari ya waye: ciki ya kumbura ya yi tauri, numfashi na yi miki wuya, amai ba tsayawa, fitsari ya ragu sosai, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zogi, ciwon mara mai tsanani ta gefe guda, ko jini mai yawa. Kada ki ce sai kin koma Abuja. Ki tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa da takardunki a hannu, kina hanya kina kiran likitarki.

Sai tsinken gwajin ciki. Na san za ki saya, ni ma na saya. Amma in an yi miki allurar nunar da ƙwai mai sinadarin hCG, wanda shi ne tsinken ke nema a fitsari, tana iya nuna layi biyu na ƙarya har wajen kwana goma, gwaji da wuri kuma na iya nuna babu alhali akwai. Ciwon nono, kasala da murɗawar mara duk maganin kansa na kawo su, ba sa tabbatar da komai. Ki jira ranar da aka ba ki, galibi tsakanin kwana tara zuwa goma sha huɗu, a ɗebi jini.

In sakamakon bai zo yadda kike so ba, ki sani mafi yawan lokuta matsalar daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin take, tun kafin a sa miki shi. Na so a ce wani ya gaya mini haka a 2021.

Inna ba ta yarda da tsarin karo na biyu ba ko kaɗan. Ranar da ta same ni ina tuƙa tuwo ta riƙe baki ta ce, “Ke 'yar nan, kuɗin fili guda kike wasa da shi?” Na ce, “Inna, likita ce ta ce in tashi.” Ta ce likitan ba ta san zafin nema ba. Muka yi sulhu a kan cewa bayan azahar zan kwanta awa ɗaya, ita kuma ta daina kawo mini jiƙo. Ɗiyar da aka samu yanzu tana gudu a tsakar gida, kuma har gobe Inna na gaya wa maƙwabta wai barcin azahar ɗin nan ne ya riƙe cikin.