Ruwan tanki da zafin bazara

'Yan uwa masu noman latas a ruwa ba ƙasa, a kula da zafin ruwan tanki idan bazara ta kama. Saiwa ta fi son digiri 18 zuwa 22. Da ya haura 27, iskar da ke cikin ruwan sai ta ragu, saiwar ta yi duhu da santsi, ganye ya yi yaushi alhali tanki cike yake.

Ni dai binne tankina na yi rabi a ƙasa, na shafa wa murfin farin fenti, na kafa masa rumfar zana. Idan rana ta take sai in jefa gorar ƙanƙara a rufe, don kada ta tsinka takin da aka narkar a cikin ruwan. A riƙa auna zafin ruwan da azahar.