Mai ciwon suga, rage malmala kafin ka ce ka daina tuwo

Da zarar likita ya ce ma mutum yana da ciwon suga nau'i na 2, sai kowa a gida ya zama likita, wannan ya ce ka bar shinkafa, wancan ya ce ka koma tuwon alkama kawai. To alkamar ma suga take zama a jini fa, haka dawa da gero da acha, duk sitaci ne, in ka zauna ka cinye malmala uku ta alkama wallahi awonka zai hau kamar ka ci shinkafa. Abin da za ka fara gyarawa shi ne yawan abin da ke cikin kwano.

Ga yadda za ka raba farantin: rabi ganye, wato zogale, rama, alayyahu, kabeji, yakuwa, ko miyar kuɓewa da kuka mai kauri, kwata kifi ko nama ko ƙwai ko wake, sai ragowar kwatan ne na tuwo ko shinkafa, kamar dunƙulen hannunka. Kwaɗon zogale da ƙuli yana da kyau sosai matuƙar ba a zuba masa suga ba. Wake ma yana riƙe ciki, alale da safe ya fi burodi da shayi mai madarar gwangwani nesa ba kusa ba.

Inda mutane suka fi cutuwa kuma abin sha ne. Lemon kwalba, maltina, zoɓo da kunun aya na kasuwa, fura da aka cika wa suga, duk waɗannan nan take suke harba suga sama saboda ba sai ciki ya sha wahalar narkar da su ba. Zuma ma haka, don Allah a daina cewa ita ba ta tayar da suga, tana tayarwa. Dabino ɗaya ko biyu ya isa.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya da ɗan sauri ta wadatar, ko bayan sallar asuba ko bayan cin abincin dare, matan da ba sa fita ma za su iya zagaya tsakar gida. Mai ƙiba in ya rage ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa zai ga bambanci.

Ka sayi na'urar gwajin suga in da hali. Yawanci ana son da safe kafin cin abinci awon sugan ya kasance tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, awa biyu bayan abinci ƙasa da 180. In ya faɗi ƙasa da 70, ka ji rawar jiki da gumi da jiri, nan kam ka sha abu mai zaƙi maza-maza.

Ƙafa kuma kar a yi wasa da ita, ciwon nan yana kashe jijiyoyi har ƙaya ta soke ka ba ka ji ba. Ka duba tafin ƙafarka kullum, ka goge tsakanin yatsu bayan alwala, kar ka yi yawo ba takalmi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ajiye metformin, wato ƙwayar maganin suga, don awo ya sauka ko don mai magani a kasuwa ya ce zai warkar da su cikin sati biyu. Kar ka daina magani sai likitanka ya ce, haka in azumi ya gabato ka je ku tsara lokutan shan maganin tun kafin a ga wata.