Silikon oksaid a ƙwayar sola: inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe

Ɗalibi zai shimfiɗa siririn silikon oksaid a kan gilashi, ya ɗora mahaɗa biyu (ƙarafan da lantarki ke shiga da fita ta cikinsu) gefe da gefe, ya ga lantarki ya ƙi wucewa, sai ya jefar da samfurin. Wannan na yi mini ciwo, domin sau da yawa shimfiɗar lafiyarta lau.

Abin da na'urar PECVD, wadda ke yin shimfiɗar, ke fitarwa daga iskar silen da haidurojin da kabon dayoksaid gauraye ne: zaruruwan silikon masu tsari irin na kiristal, kaurinsu 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), tsaye cikin oksaid marar tsari, kamar karan dawa a cikin taɓo. Lantarki yana bin karan daga ƙasa zuwa sama, a kwance kuwa taɓon ke tare shi. A cikin ƙwayar sola tsaye yake tafiya. Saboda haka a sa mahaɗi ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, sannan a auna.

Akwai kuma yaudarar kauri. Ana yin samfuri mai nanomita 100, awon Raman, mai gano tsarin abu da hasken leza, ya nuna tsini mai kyau a lamba 520 ta ma'auninsa, alamar silikon mai tsari, kowa ya yi murna. Alhali shimfiɗar da za a sa wa ƙwayar sola nanomita 10 zuwa 20 ce kawai, kuma nanomitocin farko yawanci ba su da tsari, tudun 480 suke bayarwa. Maganinsa a fara da 'yar shimfiɗar silikon marar oksijin, a ƙara haidurojin, a kuma gwada a kaurin da za a yi aiki da shi.

Kwaɗayin haske ma yana kai mutum ya baro. Ƙarin kabon dayoksaid yana sa shimfiɗa ta rage shan haske, amma idan ya yi yawa zaruruwan sun mutu ke nan. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana aunawa.

Masu aikin TOPCon, fasahar ƙwayar sola da cibiyar Fraunhofer ISE ta Jamus ta gabatar a 2013, nasu oksaid ɗin wajen nanomita 1.5 ne. Ya haura 2, lantarki ya fara shan wahalar ratsa shi. Yawanci ana gasa shi a tsakanin digiri 800 da 900 na Salsiyos, zafi ya zarce sai ya huhhuje fiye da kima. Kuma don Allah, idan an tsoma faifan silikon a asid ɗin HF, mai wanke oksaid daga samansa, kada a bar shi a iska a tafi cin abinci. Kafin a dawo, wani oksaid ya soma tsirowa da kansa, ba wanda ya san kaurinsa.