Mai POS da mai kemis, ga yadda za ku karɓi kuɗi ba tare da kuɗin wiwi sun ja muku masifa ba

Duk wanda yake zaune da na'urar POS a bakin titi a garin nan na Kaduna, ko a Kawo ne ko Rigasa ko Tudun Wada ko bakin Kasuwar Barci, ya san irin wannan kwastoman. Ba shi ke turo kuɗi ba, mutane daban-daban ne suke turowa akawun ɗinka, wannan dubu biyu, wancan dubu ɗaya da ɗari biyar, wani dubu uku, haka alat zai yi ta shigowa tun la'asar, sai bayan isha'i ya zo ya ce oga haɗa min duka ka cire cajinka, wani lokacin ma har ya ƙara maka wani abu a kai. Ba ka san me yake sayarwa ba, ko kuma ka sani ka kau da kai. To ɗan'uwa idan ganye ne ko ƙwaya yake sayarwa, kai ne ka zama ma'ajinsa, kuma sunanka da BVN ɗinka ne a jikin kowane kobo da ya shigo, shi ko sunansa babu a ko'ina.

Mu fara da abin da doka ta ce don kar wani ya ruɗe ka. A Najeriya babu wani lasin na buɗe shagon sayar da tabar wiwi, babu ofishin da ake zuwa a cike fom a karɓo shi. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa da mai shigowa da ita da mai sayarwa, wanda kuma aka kama da ita a hannu ko yana sha dokar ta ce shekara 15 zuwa 25. Wannan na dila ne da mai sha. Wadda ta fi shafar mai karɓar kuɗi ita ce dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022, ita ce ta ce duk wanda ya karɓa ko ya ajiye ko ya tura kuɗin da ya san na haram ne, ko kuma ya kamata a ce ya sani, to ya yi laifi, hukuncin kuwa shekara 4 zuwa 14 ne, ko tarar da ba ta gaza ninki biyar na kuɗin ba, ko duka biyun. Ka lura da wannan wurin na ya kamata a ce ya sani, domin shi ne yake karya hujjar da kowa ya dogara da ita ta wallahi ni ban san komai ba, sana'ata kawai nake yi.

Akwai maganar da samari suke yawan yi, wai ai a Amurka an halatta, shago ake buɗewa ana sayarwa kamar burodi. Gaskiya ne jihohin Kolorado da Washinton sun halatta ta a 2012, wasu jihohin suka biyo baya. Amma je ka tambayi yadda masu shagunan suke karɓar kuɗi ka sha mamaki. Dokar tarayya ta 1970 ta sa wiwi a jerin haramtattun ƙwayoyi, bankuna kuma ƙarƙashin gwamnatin tarayya suke, don haka mutum yana riƙe da lasin jiharsa a hannu amma babban banki ya ce ba zai buɗe masa akawun ba. A 2014 hukumar FinCEN mai sa ido kan laifukan kuɗi a Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa bankin da ya yarda ya yi hulɗa da su sai ya riƙa kai rahoto a kansu a kai a kai, aikin ya yi yawa shi ya sa galibi ƙananan bankuna da ƙungiyoyin adashi ne suke karɓarsu, su kuma caje su kuɗi mai tsada duk wata. Kamfanonin katin banki na Visa da Mastercard ba sa yarda a yi cinikin da katinsu. Sai ciniki ya koma na tsabar kuɗi, ga dala jibge a shago, ga 'yan fashi, ga kuɗin masu gadi da motar ɗaukar kuɗi. Ƙudirin da aka kawo don a sassauta wa bankuna, wanda ake kira SAFE Banking, majalisar wakilai ta fara amincewa da shi a 2019 amma ya maƙale a majalisar dattawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar da wasu shagunan suka ɓullo da ita, domin kusan sak take da abin da ake yi a unguwanninmu. Na'ura ce a kan kantar shago, kwastoma zai sa katinsa, a banki sai ya nuna kamar cire kuɗi ya yi a ATM, alhali kaya ya saya, a cike kuɗin zuwa dala goma-goma a ba shi canji a hannu. A ƙarshen 2021 Visa ta fitar da gargaɗi cewa wannan yaudara ce kuma ta saɓa ƙa'idarta, aka rufe na'urori da dama daga baya, a 2023 Mastercard ma ta umarci bankuna su daina bari ana sayen wiwi da katin cire kuɗinta. Ko a Yurugwai da ƙasar gaba ɗaya ta halatta a 2013, da kemis-kemis suka fara sayarwa a 2017 sai bankunan ƙasar suka fara barazanar rufe musu akawun, saboda su ma suna tsoron bankunan Amurka su yanke hulɗa da su. Kanada ce da ta halatta a matakin ƙasa a 2018 kati yake aiki a shagunan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kaga kenan masu lasin da lauyoyi ma ba su samu hanyar da za su ɓad da sawun kuɗin ba, balle kai da kake ƙarƙashin lema a Mando da waya ɗaya.

To yanzu ga abin yi. Abu na farko takardunka su zama naka kuma su zama daidai. Na'urar da kake aiki da ita, ta Moniepoint ce ko OPay ko PalmPay ko ta banki, a ce da sunanka da BVN da NIN ɗinka aka buɗe, ka kuma yi rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sana'o'i, kamar yadda aka wajabta wa masu POS tun 2024. Kar ka sayi na'urar wani da akawun ɗinsa a ciki don ka guje wa layi, kar kuma ka ba wani aron taka. Iyaye mata, ku wannan ya fi shafa, yaro zai zo ya ce Mama ba ni NIN ɗinki in buɗe akawun na sana'a, nawa ya samu matsala, ki ba shi don tausayi, ranar da abu ya ɓaci ke za a nema. Ki tambaye shi wace matsala nasa ya samu, ki bi shi ku je tare a gyara nasan. Kamfanonin ma yanzu ba sa wasa da wannan, tun da Babban Banki ya dakatar da wasu daga cikinsu daga ɗaukar sababbin kwastoma na ɗan lokaci a 2024 kan batun tantance masu akawun suka ƙara tsaurarawa.

Sannan ka raba akawun ɗin sana'a da na gida. Kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara kar su kwana a inda jama'a suke turo kuɗi, domin idan aka kulle akawun ba a ware maka na cefane.

Iyakokin kuɗi kuma ka haddace su kamar lambar wayarka. Tsarin da Babban Banki ya fitar a Disambar 2024 ya ce wakilin banki ba zai ba kwastoma ɗaya tsabar kuɗi sama da naira dubu 100 a rana ba, shi kansa wakilin kuma jimillar abin da zai fitar a rana kar ya wuce naira miliyan 1.2. Ƙaramin akawun na matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya cikin minti kaɗan, ba ya riƙe sama da naira dubu 300. Ita kuma dokar 2022 ta hana biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, sai dai ta banki, wannan ya shafi masu sari a Kasuwar Sheikh Gumi da dillalan motoci da filaye da har yanzu suke son a kawo musu kuɗi a jaka. Kuma bankuna suna kai rahoton hada-hadar da ta haura waɗannan adadin ga hukumar NFIU mai tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi. Waɗannan ƙa'idojin na POS ana yawan sabunta su, ka riƙa karanta saƙon da kamfaninka yake turowa maimakon ka share.

A nan mutane suke faɗawa rami da ƙafarsu. Wani zai ce tunda akwai iyaka bari mu raba, ka cire min dubu 90 da wannan katin, dubu 90 da wancan, sauran ka tura wa yaronka ya ciro. Dokar 2022 ta ambaci irin wannan ƙarara, raba ciniki gida-gida da niyyar kauce wa rahoto shi ma laifi ne mai zaman kansa. Kuma kwamfutar kamfani irin wannan take nema, ba mutum ne yake zaune yana dubawa ba balle ka ce ba zai lura ba. Mutum ɗaya da kati huɗu masu sunaye daban-daban, ka ce masa ka yi haƙuri.

Batun masu turo kuɗi don wani ya karɓa, ba duka ne na banza ba, kowa ya sani. Tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mai shayi da mai nama da mai kayan miya da yawa suka koma cewa tura wa mai POS ɗin can, kuma halal suke nema. Bambancin shi ne waɗannan kana ganin teburinsu, ka san abin da suke sayarwa, kuɗin da yake shigowa ya yi daidai da girman sana'ar. Wanda ya kamata ka tsaya a kansa shi ne wanda ba shi da shago ba shi da tebur, alat ɗinsa ya fi yawa da dare, adadin kusan iri ɗaya ne kullum, ba ya son a rubuta sunansa, baya jayayya a kan caji ko nawa ka faɗa, kuma shi kansa yana da waya mai tsada amma wai ba shi da akawun. Idan uku daga cikin waɗannan suka haɗu a kan mutum ɗaya to ka rabu da kuɗinsa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Su ma masu sana'ar halal ɗin, alheri mafi girma da za ka yi musu shi ne ka taimaka su buɗe nasu akawun, ka huta su huta.

Ka ajiye littafi. Littafin makaranta mai ganye sittin ya isa, kwanan wata, sunan wanda ya turo kamar yadda ya fito a alat, sunan wanda ya karɓa, lambar wayarsa, adadi, ya sa hannu. Idan kuɗin da ɗan yawa ka duba katin shaidarsa. Wasu za su ji haushi su ce kai ɗan sanda ne, ka bar su, mutumin kirki ba ya gudun a rubuta sunansa. Rasit ɗin na'ura yana gogewa da zafi, ka riƙa ɗaukar hotonsa, kuma duk ƙarshen wata ka sauke bayanan akawun ɗinka ka adana a imel.

Ku kuma masu kemis naku ya ninka, domin kaya da kuɗi duk a hannunku suke. Lasin ɗin da hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magunguna take ba mai ƙaramin kemis bai ba shi damar sayar da magungunan da sai da takardar likita ba. Maganin tari mai kodin an hana shigo da shi da haɗa shi tun Mayun 2018, tiramadol kuma mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kawai aka amince da shi, shi ma da takardar likita a hannun ƙwararren mai haɗa magani, waɗancan masu 200 da 225 haramtattu ne. Kuɗin ciniki ya shiga akawun ɗin shago mai sunan da ke jikin lasin, ba akawun ɗin yaron shago ba. Oga idan kana barin yaro shi kaɗai da dare, ka riƙa haɗa abin da ya shigo da abin da ya fita daga kanta, in kuɗi sun fi kaya yawa to akwai abin da ake sayarwa a ƙarƙashin kanta da ba ka sani ba, kuma allon da ke ƙofa sunanka ne a jiki.

Yadda za ka ƙi ma sai da dabara, domin wasu daga cikin yaran nan da makami suke yawo kuma unguwa ɗaya kuke kwana. Ba sai ka yi masa wa'azi a gaban jama'a ba, ba sai ka kira shi dila ba. Ka ce kamfani ya hana ni karɓar kuɗin wani a madadin wani, in na ci gaba za a rufe min na'ura, shikenan. Idan ya matsa ko ya fara barazana ka sanar da mai unguwa da shugabannin ƙungiyarku ta masu POS, kar ka riƙe abin kai kaɗai. Idan kuma ɗanka ne ko ƙaninka ya faɗa shaye-shayen, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana karɓar masu wannan matsalar, kai shi tun da wuri.

In har ta riga ta faru ka wayi gari an kulle akawun, kar ka kashe waya ka gudu ƙauye, kar ka goge saƙonni, kar kuma ka ba wani ɗan tsakiya kuɗi wai ya san wani a ciki zai buɗe maka. Ka je ofishin bankin ko kamfanin ka nemi su gaya maka a rubuce wace hukuma ce ta sa a kulle kuma ko da umarnin kotu ne, sannan ka nemi lauya kafin ka rubuta kowane bayani. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, tana da ofis a Kaduna. Ranar da za ka je ka tafi da littafin nan naka, da takardar CAC, da bayanan akawun na watannin da ake magana a kai.