Darasi na 7: Idan Bakin Yaro Ya Yi Nauyi

Yaro ya cika shekara 2, kalmominsa ba su kai 50 ba, bai kuma iya haɗa biyu kamar "Mama ruwa" ba. Kada a tsaya ga "ai babansa ma haka ya yi". A fara kai shi a duba kunne, musamman in kunnen na zubar da ruwa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitoci kuma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Masu koyar da magana a asibiti ƙalilan ne. Ganinsu sai da kuɗin mota, kuɗin kati, ga yinin da aka bar sana'a. Ke kuwa kina tare da yaron daga wankan safe har barci. Shi ya sa cibiyar Hanen ta Kanada, tun 1975, iyaye take koyarwa: ma'aikaci ɗaya ya riƙa tara iyaye wuri guda, su koma gida su yi aikin. Ba a ce ki daina zuwa asibiti ba. Zuwan ne zai ragu, kuɗin ma haka.

Mataki na 1: Sauka. Zauna a tabarma, fuskarki daidai da tasa.

Mataki na 2: Jira. Riƙe kofin kunu inda yake gani. Kada ki miƙa. Kada ki ce komai. Ki ƙirga a zuci daga 1 zuwa 10, a hankali. In ya dube ki, ko ya nuna da yatsa, ko ya ce "u", to ya yi magana. Sai ki ce "kunu", sau ɗaya, ki ba shi.

Nan kowa ke tuntuɓe, don haka mu sake. Kofi a hannu. Baki a rufe. Ƙirga har 10. Da wuya, na sani, uwa ba ta son ganin ɗanta yana miƙo hannu. Daure, za ki saba.

A aji ina ganin wasu sun kai 3 sun miƙa. Wasu kuma sai "ce kunu, ce kunu!" Wannan ba jira ba ne, jarrabawa ce, yaro kuwa sai ya kau da kai. Haba iyaye! Kuna jiran tuwo ya nuna, ƙirga 10 ce ta gagare ku? A gaya wa yayyensa ma su daina amsawa a madadinsa. In kin ƙirga har 10 bai yi komai ba, faɗi kalmar, ba shi, a sake gwadawa an jima. Ba a hana yaro abinci.

Mataki na 3: Ƙara kalma ɗaya. Ya ce "mota", ki ce "jar mota". Sannan ki sake jira.

Mataki na 4: Kashe talabijin, ajiye waya.

Aikin gida: rubuta kowace sabuwar kalmarsa a littafinki, ki zo da shi mako mai zuwa.