Darasi na Tara: Haɗa Na'urar Sarrafa Mota Daga Nesa da Wayar Hannu

Wannan darasi zai nuna yadda ake haɗa 'yar ƙaramar na'ura a gida a ɗaura ta a cikin mota, ta yadda mai motar zai iya kulle ƙofofi ko buɗe su, ya kunna fitila da hon, ko ya hana injin tashi, duk ta hanyar saƙon tes daga wayarsa alhali yana nesa. Sababbin motoci masu tsada suna zuwa da irin wannan tsari daga kamfani, amma akasarin motocin da ke hannunmu 'yan Kwatano ne da suka kwana biyu, kuma babu abin da zai hana a yi musu nasu daidai ƙarfin aljihu. Ba a bukatar ilimin jami'a. Abin da ake bukata shi ne mutum ya iya karanta lambobin da ke jikin mita, ya iya liƙa waya da dalma, kuma ya yarda ya yi aikin tare da mai wayarin na mota wanda ya san hannunsa.

Sharaɗi ɗaya ne ya hau kan kowane mataki na wannan aiki, don haka a riƙe shi tun yanzu: dole a haɗa na'urar ta yadda duk ranar da ta lalace, ko sabis ya ɗauke, motar za ta ci gaba da aiki kamar ba a taɓa ɗaura mata komai ba.

Kayan aiki da aikin kowannensu

Na farko shi ne abin da ke karɓar saƙo. Wanda ya fi yaɗuwa sunansa SIM800L, ɗan allo ne da faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba, ana sa masa layin waya kamar yadda ake sa wa kowace waya. Yana aiki da tsohon sabis na 2G kaɗai, saboda haka ba ya bukatar intanet ko data, sai dai a tabbatar layin da za a sa masa yana kama 2G a yankin da motar take yawo. Layin kuma ya zama mai rajista, a riƙa sa masa kati lokaci zuwa lokaci, domin kamfanonin waya sukan rufe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Na biyu shi ne Arduino, wato 'yar kwamfuta mai karanta saƙon ta yanke abin da za a yi. An ƙirƙiro ta a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005 domin ɗalibai waɗanda ba injiniyoyi ba, shi ya sa koyonta bai da wuya, kuma manhajar da ake rubuta mata umarni kyauta ce. Samfurin Nano ya fi dacewa da mota saboda ƙanƙantarsa.

Na uku shi ne rile, kuma a nan ya kamata a tsaya a fahimta sosai. Arduino ba ta da ƙarfin kunna hon ko motsa makullin ƙofa, domin wutar da kowace ƙafarta ke iya bayarwa cikin aminci ba ta wuce miliamfiya 20 ba, alhali hon kaɗai yana cin amfiya da dama. Rile makunni ne da ƙaramar wuta ke motsawa domin ya ba babbar wuta hanya, kamar yadda maigadi ke buɗe ƙofar gida da jin muryar maigida, babbar mota ta shige. Duk wanda ya juya rilen mota mai ƙafa biyar ya dubi ƙasansa zai ga lambobi a rubuce kusa da kowace ƙafa. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na ƙaramar wutar da ke motsa shi. Ta 30 ita ce mashigar babbar wuta. Idan rilen yana hutawa, ta 30 a haɗe take da 87a, idan kuma aka ba shi wuta sai a ji ɗan sauti ƙas, ta rabu da 87a ta koma kan 87. Wanda ya haddace waɗannan lambobi biyar ya ci rabin darasin nan. Ana samun rile da fis da mazauninsu a wurin masu kayan mota, irin su kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, Arduino da SIM800L kuwa sai wurin masu sayar da ƙananan kayan lantarki. Ko shi kansa rilen mota ya fi ƙarfin ƙafar Arduino, don haka ana sa ɗan taransista a tsakaninsu, tare da dayod 1N4007 a kan ƙafa 85 da 86 domin tare wutar da kan dawo da baya idan rilen ya saki.

Maganar wuta

Yawancin masu koyo a nan suke yin asara. Cikakken batirin mota yana nuna kusan bolt 12.6, idan injin yana aiki kuma yakan haura zuwa wajen 14. Arduino Nano bolt 5 take so, SIM800L kuwa tsakanin 3.4 da 4.4 yake rayuwa, kuma da zarar an ba shi wutar batir kai tsaye ya ƙone ke nan. Saboda haka ana amfani da allon rage wuta mai suna LM2596, guda biyu, ɗaya domin Arduino ɗaya domin SIM800L. A jikinsa akwai ɗan shuɗin akwati mai ƙaramin noti a kai. Kafin a haɗa masa komai, sai a ba shi wuta, a ɗora mita a mafitarsa, a riƙa juya notin da siririn sukudireba a hankali har mita ta nuna 4.0 a na SIM800L, 5.0 a na Arduino. Wani lokaci sai an juya sau da yawa kafin lambar ta fara motsi, don haka kada a yi zaton ya lalace.

SIM800L yana da wata ɗabi'a da ke rikita mutane: a lokacin da yake neman sabis ko aika saƙo yakan fizgi wuta har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido. Idan wayar da ke kai masa wuta siririya ce ko doguwa, sai ya mutu ya sake tashi, ya yi ta maimaitawa. Maganinsa gajeriyar waya mai kauri, da kafasita mai kimanin maikirofarad 1000 a liƙe dab da shi. Fitilar da ke jikinsa ita ke ba da labari: ƙiftawa duk daƙiƙa ɗaya na nufin yana neman sabis, ƙiftawa duk daƙiƙa uku na nufin ya samu. Wayar da ke ɗauko saƙo daga Arduino zuwa gare shi ita ma a rage mata ƙarfi da rezista biyu, kuma a haɗa negatif ɗin duka allunan wuri guda da jikin mota.

A sa fis a kan wayar fozitif, kusa da inda aka ɗauko wutar. Wannan ba abin sassauci ba ne, domin waya marar fis idan ta goge ta taɓa ƙarfe tana iya cinna wa mota wuta.

Sai kuma lissafin batir, wanda kowa zai iya yi da biro. Na'urar tana cin wuta dare da rana ko motar tana ajiye. Idan tana jan miliamfiya 50, a awa 24 ta ci amfiya-awa 1.2, a kwana 30 kuma 36, wato fiye da rabin batir mai 60. Motar da ake fita da ita kullum ba za ta ji komai ba, amma wadda ake ajiyewa makonni tana bukatar a koya wa allunan yin barci tsakanin saƙo da saƙo, ko a cire fis ɗin na'urar kafin a yi tafiya.

Umarni da tsaro

Umarnin da ake rubuta wa Arduino gajere ne. Tana gaya wa SIM800L ya karɓi saƙo a matsayin rubutu da kalmar AT+CMGF=1, sannan ta zauna jira. Idan saƙo ya shigo, za ta fara duba lambar da ta aiko shi, sannan ta duba lambar sirri, sannan kalmar umarni, misali 4827 KULLE ko 4827 BUDE, da baƙaƙe marasa lanƙwasa domin kada na'urar ta rikice. Idan ta cika umarnin sai ta mayar da amsa ga mai motar, ta kuma share saƙon don kada ma'ajiyar ta cika. Duba lambar waya kaɗai bai wadatar ba, tun da ana iya sace waya, kuma akwai masu iya aika saƙo da lambar da ba tasu ba. Ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana kuɗarsu a wannan fanni: a shekarar 2015 wasu masu bincike biyu a Amurka, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga kwamfutar wata mota ƙirar Jeep Cherokee daga nesa tana tafe a kan titi, abin da ya sa kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci miliyan 1.4 domin gyara.

Makullin ƙofa wutar ɗan lokaci yake so, rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya, in ta zarce haka ƙaramin injin da ke cikin ƙofar yana iya ƙonewa. Hon da fitila ma a ƙayyade musu lokaci su mutu da kansu.

Hana injin tashi

Wannan shi ne abin da akasarin mutane ke nema saboda ɓarayi, kuma shi ne mafi haɗari idan aka yi shi ba daidai ba. Wasu sukan yanke wutar famfon mai domin su kashe motar duk inda take. Ba mu goyon bayan haka ko kaɗan. Injin da ya mutu ana cikin gudu yana tafiya da taimakon da yake ba sitiyari, birki ma ya yi tauri bayan an taka shi sau ɗaya ko biyu, kuma wanda ya aika saƙon bai san ko motar tana tsakiyar wuce tirela ba ne, ko akwai yara a gefen hanya. Ga kuma wani abu da kowa ya sani game da tes: yakan makale a hanya ya iso bayan awanni. Saƙon da aka aika da safe yana iya isowa da yamma, lokacin da mai motar da iyalinsa ne a ciki.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a tare kik, wato a hana injin sake tashi bayan an kashe shi. Mai wayarin zai nemo siririyar wayar da ke tashi daga makulli zuwa kik, ya yanke ta, ya haɗa ɓangare ɗaya da ƙafa 30, ɗayan da 87a na rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40. Da yake waɗannan ƙafafu a haɗe suke muddin rilen yana hutawa, ko na'urar ta ƙone ƙurmus motar za ta tashi yadda ta saba. Ƙafa 86 a ɗauko mata wuta daga layin da ke kawowa idan an murɗa makulli har zuwa lokacin tayarwa, ƙafa 85 kuma ta bi ta taransista, ta yadda rilen ba zai ci batir ba sai an yi yunƙurin tayar da motar. A adana umarnin hanawa a ma'ajiyar Arduino wadda ba ta gogewa da ɗaukewar wuta, don kada cire kan batir ya warware shi. A kuma ɓoye ɗan makunni a wurin da mai motar kaɗai ya sani, domin ya iya sakin motarsa a ƙauyen da babu sabis. Gaskiya ne cewa mota mai giyar hannu ana iya tayar da ita da turi ko an tare kik. Wanda ya damu da haka zai iya ƙara rile na biyu a kan famfon mai, bisa sharaɗin cewa Arduino ba za ta taɓa motsa shi ba sai ta tabbatar makulli a kashe yake.

Tayar da inji daga nesa kuwa, shawararmu ita ce mai koyo ya bar shi. Motar da aka bari a giya za ta zabura ta buge abin da ke gabanta, hayaƙin salansa a rufaffen gareji yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, kuma motocin da makullinsu ke da ƙwaƙwalwa ba sa tashi sai an bar makulli a ciki, wanda hakan sauƙaƙa wa ɓarawo ne.

Wayoyin da ba a taɓawa

Duk wayar da ke da soket ruwan ɗorawa ta jakar iska ce mai kare direba a lokacin haɗari, kada a sa mata ko da tsinken mita. Haka nan wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiya galibi na sadarwar kwamfutocin motar ne, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, kuma sukan kai ga soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake sa na'urar gano matsala. Kuskure a kansu na iya jawo gyara mai tsada. A cire kan batir na negatif kafin a yanke kowace waya, a liƙe kowane haɗi da dalma a naɗe shi da kyau, a ajiye akwatin na'urar a ƙarƙashin dashbod inda rana da ruwa ba sa kaiwa, eriyar kuma kada ƙarfe ya rufe ta. Ba a ɗaura wannan na'ura a motar wani sai da izininsa, kuma wanda ya ba direba motar haya hakki ne a kansa ya sanar da shi cewa tana ciki.

Aikin yi

Kowane rukuni na ɗalibai ya haɗa na'urar a kan tebur da batir da ƙwan fitilar mota guda a madadin hon. A aika umarni daidai a ga ko ƙwan ya kama, sannan a aika da lambar sirri ta kuskure, sannan daga wayar wani ɗalibi dabam, a rubuta abin da ya faru kowane karo a littafi. Bayan haka a auna wutar da na'urar ke ci da mita, a lissafa kwana nawa za ta ɗauka kafin ta cinye rabin batir mai amfiya-awa 60. Rukunin da ya kai ga ɗaurawa a mota zai yi gwajin ƙarshe a gaban malami da mai wayarin, motar tana tsaye an ja hanbirki: a zare fis ɗin na'urar gaba ɗaya, a murɗa makulli. Idan injin bai tashi ba, an haɗa wayar kik da ƙafa 87 maimakon 87a, sai a cire kan batir a gyara kafin a ci gaba.