Yadda Ake Ziyartar Babbar Majami'ar Kolon ga Mai Zuwa Daga Bauchi

Mutanenmu da ke zuwa Jamus daga Bauchi, ko ɗalibai ne ko 'yan kasuwar riɗi da zoɓo masu halartar baje kolin abinci na Anuga da ake yi a birnin Kolon duk bayan shekara biyu, galibinsu sukan tsaya a gaban babbar majami'ar birnin su ɗauki hoto, sannan su kama gabansu. A ganina wannan asara ce, domin ginin da aka aza harsashinsa a shekarar 1248 ba a kammala shi ba sai 1880, kuma wanda ya ware masa rabin yini zai ga yadda magina suka ɗora nauyin dutse a kan ginshiƙai har bango ya zama kusan gilashi zalla.

Isa wurin ba shi da wuya ga mai bizar Shengen. Daga Abuja akwai jirgin sama zuwa Frankfurt, daga filin jirgin kuma jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Kolon cikin kimanin awa guda. Majami'ar tana jikin babbar tashar birnin, da fitowa daga ƙofa sai a gan ta ta tsaya a kan mutum. Wasu jiragen a tashar Deutz suke tsayawa, a ɗaya ɓangaren kogin Rayin, kuma wanda ya sauka a can kada ya damu, ya tako ta gadar Hohenzollern da ƙafa, domin daga nan ne ake ganin ginin gaba ɗayansa da hasumiyoyinsa biyu masu tsawon mita 157. Ba a barin shiga da manyan akwatuna, saboda haka a ajiye kaya a ma'ajiyar tashar. A kuma riƙe jaka da waya da kyau a dandalin da ke gaba, inda cunkoso yake jawo 'yan sane.

Kafin shiga, ya kamata maziyarci ya zagaya ginin ta waje tukuna, ya tsaya sosai a ɓangaren gabas, wanda shi ne mafi daɗewa. Wanda ya taɓa shiga gidan Madaki a Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ga yadda bakan gizon da aka ɗaure da azara yake ɗaukar nauyin rufi ya sauke shi a kan bango mai kauri. Maginan salon Gotik, salon da aka gina wannan majami'ar da shi, wanda ya faro a majami'ar Saint-Denis kusa da Paris wajen shekarar 1140, matsala iri ɗaya suka fuskanta, sai dai su ba su so bango mai kauri, haske suke nema. Sai suka yi baka mai tsini a sama, suka tattara nauyin rufin a kan ginshiƙai, sannan suka gina tokare a waje, masu miƙo hannun dutse ta sama suna dafa ginin don kada ya buɗe. Waɗannan tokaren su ne mutum zai gani sun yi cincirindo a bayan majami'ar, kuma ƙananan hasumiyoyin da ke kansu ba ado ba ne kawai, nauyinsu yana danne tokaren ya tsaya daram. Baka mai tsini kuwa ya riga wannan salo daɗewa, domin yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira wanda aka kammala a 879.

Baƙin da dutsen ya yi aikin ruwan sama ne da hayaƙi na shekaru masu yawa, kuma kusan kullum akwai masu gyara a wani sashe, domin majami'ar tana da nata masassaƙan dutse na dindindin.

Batun ladabin shiga shi ne inda ɗan ƙasar Hausa ya fi buƙatar bayani, saboda al'adar wurin ta saɓa wa wadda ya saba. Ba a cire takalmi. Hula kuwa namiji cire ta yake yi ya riƙe a hannu, ko da zanna bukar ce da aka yi wa kari tun daga gida, amma mace tana shiga da ɗankwalinta ko hijabinta babu mai ce mata komai. Ana magana ƙasa-ƙasa, ba a amsa waya, ba a cin abinci, kuma hoto ba a ɗaukarsa da walƙiyar kyamara. Masu gadin wurin suna sanye da jajayen riguna, su ake tambaya idan an rasa hanya, kuma idan suka ce an rufe wani sashe saboda sujada, wato taron ibadarsu, sai a bi. Wurin ibada ne da ake amfani da shi kullum, don haka safiyar Lahadi ba lokacin yawon kallo ba ne. Wanda ba Katolika ba, idan sujada ta same shi a ciki, yana iya zama a baya ya yi shiru ko ya fita a hankali, amma kada ya shiga layin masu karɓar jibi, wato gurasar ibada da limaminsu yake rabawa, kuma ruwan da ke bakin ƙofa na masu ibada ne, babu wanda zai tilasta masa taɓawa. Lokutan buɗewa da kuɗin shiga sukan canza, saboda haka a duba shafin majami'ar a intanet kwana ɗaya kafin zuwa.

A ciki, abu na farko shi ne a nemi benci a zauna a ɗaga kai, domin rufin yana sama da mita 43 daga ƙasa, kuma ido yana buƙatar lokaci kafin ya saba da duhun wurin ya fara rarrabe launukan tagogi. Tsofaffin gilasan sun tsira ne saboda an kwance su an ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da bama-bamai suka sami ginin sau 14 amma bai rushe ba, alhali tsakiyar birnin ya zama kufai. A ɓangaren kudu akwai tagar da mai zane Bajamushe Gerhard Richter ya tsara, wadda aka buɗe a 2007, babu hoton mutum ko ɗaya a cikinta, sai murabba'ai sama da 11,000 masu launi 72. A zo mata da tsakar rana, lokacin da hasken yake zubo launukan a kan ginshiƙai da daɓen ƙasa. Can gaba, bayan bagadi, akwai akwatin zinariya da Kiristoci suke dangantawa da masanan nan uku da suka zo daga gabas ganin jariri Almasihu. An kawo ƙasusuwan da ke cikinsa, waɗanda ake cewa nasu ne, daga Milan a 1164, kuma yawan masu zuwa ziyararsu ne ya sa aka ga tsohuwar majami'ar da ke wurin kafin wannan ta yi kaɗan. Kusa da nan akwai gicciyen Gero na katako, wanda aka sassaƙa wajen shekarar 970.

Hawa hasumiyar kudu yana da tikitinsa daban, kuma a bar shi ya zama na ƙarshe. Matakala 533 ne, yawancinsu na murɗe a cikin matsattsen wuri inda mai hawa da mai sauka suke gogar juna, babu na'urar ɗaga mutane. Babbar riga ba ta dace da wannan hawan ba, gara kaftani mai ɗan gajarta da takalmi mai kama ƙafa, da rigar sanyi saboda iskar sama. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura, bai rasa abin da ya fi na ƙasa ba. A kan hanya ana ratsa ɗakin ƙararrawa, inda babbarsu, mai nauyin kimanin tan 24, take rataye tun bayan da aka zuba ta a 1923.

Musulmin da lokacin salla ya riske shi kada ya shimfiɗa darduma a cikin majami'ar, duk da cewa a 1965 an taɓa ba ma'aikata Turkawa wuri a ciki suka yi sallar Idi. Babban masallacin Kolon, wanda aka buɗe a hukumance a 2018, yana unguwar Ehrenfeld, ana isa da jirgin cikin gari ba tare da ɓata lokaci ba, kuma a kewayensa akwai gidajen abinci na Turkawa da ake samun naman halal.